Gwamnan Banki da Kwalbar Gam

Duk garin Aalst na ƙasar Beljiyam babu mai kishin harshen Filamanci kamar Meneer Octaaf Verhulst. Shi da kansa ya faɗa, kuma mutum ne da ba ya ƙarya sai in ya buɗe baki. Tun ranar da kuɗin yuro ya kori faran, kuɗin ƙasar, ya ɗora wa kansa makoki, ya shiga tara tsofaffin takardun kuɗin Beljiyam. A mashayar unguwa Gwamnan Banki suke ce masa. Yakan ɗaga hula ya amsa, bai taɓa tsayawa jin dariyar da ke biyo baya ba.

Burinsa ɗaya ne a duniya: lambar zinariya ta ƙungiyar masu tara tsofaffin kuɗi. Har ƙusar da zai rataye ta ya riga ya kafa a falo.

Sai dai takardun suna da aibi, don manyan harsunan ƙasar biyu ne, masu su kuma ba sa ga maciji. Gefe ɗaya Filamanci, ɗaya gefen Faransanci, harshen da Gwamna ko a gwangwanin wake ba ya son gani. Ya sayo gam mai ƙarfi, ya kifa kowace takarda a kan allo, Faransancin a ƙasa, ya danne da guiwa.

"Octaaf, anya haka masu abin suke yi?" in ji matarsa Godelieve.

"Mace, tarihi nake gyarawa. Je ki duba dankalinki."

Ranar baje koli zauren coci ya cika, ga ƙamshin soyayyen dankali, ga giya. Gwamna ya hau kujera babu wanda ya gayyace shi.

"Jama'a! Wasu tarawa suke yi, ni tsarkakewa nake yi. Ku duba allon nan, ko kalma ɗaya ta baƙin harshe babu!"

Aka tafa, don a nan kowa na son wasa.

Sai ga alƙaliyar gasa, Madame Lejeune, wata 'yar tsohuwa daga Liège, inda Faransanci ne harshen gida. Ta duƙa kan wata takardar faran dubu da ba a cika samu ba, idonta ya yi haske.

"Kai, wannan ta isa lamba! Juya min ita in ga bayan, shi ke nan."

Gwamna ya sauko daga kujera. Ya ce bayan ba shi da muhimmanci. Ta ce doka ce, sai an ga gefe biyu. Ya tuna ƙusar falo, ya sa farce, ya ja a hankali. Ƙeee! Takarda ta ɓare gida biyu, Filamancin a hannunsa, Faransancin manne da allo.

Godelieve ta leƙo, ta lashe gishirin yatsanta.

"Sannu da aiki, Gwamna. 'Yan siyasa sun yi shekaru suna fama su raba ƙasar nan sun kasa, kai ka gama da farce ɗaya."

Ƙusar tana nan a falo. Lema ake ratayewa.