Ƙwan Fitilar da Sule Ya Ɗaura Mini

Ko zan manta sunan unguwar da aka haife ni, ba zan taɓa mantawa da abin da Sule, ƙanin matata Hadiza, ya yi mini ba. Ya ɗaura mini ƙwan fitila mai walƙiya shuɗi da ja irin na 'yan sanda a babur ɗina, bai buɗe baki ya gaya mini ba, ya bar ni na shiga gari da shi. Shi yana cewa ba da gangan ba ne. Ni ban yarda ba. Amma bari in ba ku labarin tun daga tushe, har da inda tawa wautar take, kada wani ya ce na ɓoye.

Aikina kai saƙo. Alhaji Garba, mai shigo da yadi ta tashar jirgin ruwa, shi nake yi wa aiki tun gemuna yana baƙi. Shagonsa yana unguwar Adjamé a nan Abidjan, kusa da babbar tashar mota, sito da gida kuma suna Treichville. Ni ne a tsakani: samfurin yadi, makullin sito, maganin Hajiya matarsa, duk abin da ba a son ya kwana a hanya. Babur ɗin nawa ne, tsoho, ya sha wuya kamar mai shi. Madubi babu ko ɗaya. Ni na kwance su da hannuna, don ɓarayin bakin tasha ba sa ƙyale madubi, na ce gara in riga su.

Sai ido ya fara yi mini gardama. Da rana lafiya lau. Amma da an yi magariba sai titi ya koma kamar an zuba masa kunu. Wata rana a bayan kasuwar Gouro na afka rami, na ƙare a cikin kwandon tumatirin wata mata. Kafin in wanke wandona labari ya riga ni isa shago. (Na san waɗanda suka kai shi. Samarin nan ne masu sababbin babura da suke shawagi a ƙofar Alhaji suna jiran in mutu.)

Alhaji ya dube ni ya ce, "Mutumina, in idon ya gaji ka faɗa mini. Akwai benci a ƙofar sito, ba abin kunya ba ne."

Benci! Wurin da ake ajiye tsofaffi su riƙa korar ƙuda. Na ce, "Ba ido ba ne, Alhaji. Fitila ce ta tsufa."

Abin da ya kai ni wurin Sule ke nan. Yana da rumfar ƙwayayen fitila da wayoyi a wajen unguwar 220 Logements. Haifaffen Abidjan ne, Hausarsa rabi Faransanci, kuma bai taɓa ce mini Yaya ba. "Bo" yake kirana, wai suruki ke nan a bakinsu. Na ce masa ina son ƙwan da ya fi kowane haske a rumfar. Ya zaro wani mai ƙaramar fanka a gindi, ya ce wannan ampul ɗin, wato ƙwan, led ne, in na kunna shi daga Adjamé mutanen Treichville za su shanya wanki.

Yana cikin ɗaurawa sai ya taɓa makunnin fitilar, wanda na ɗaure da robar tayar keke tun bara.

"Bo, makunnin nan naka ya mutu fa. Bari in canza."

Na san wannan karatun. Ka je wurin mai gyara da ciwo ɗaya, ya nemo maka na biyu. Na ce, "Ƙwai na zo saya, Sule."

"Ampul ɗin nan ba ya son makunni mai rawa."

"In ba ya so, ya haƙura. Ni ma ba komai nake so ba."

Ya dube ni, ya dubi makunnin, sai ya yi wani murmushi ta gefen baki ya ce, "Ya foyi, Bo," wato babu komai. Ku riƙe murmushin nan, shi ne shaidata. Na tsaya a kansa har ya gama don kada ya musanya mini wani abu, na karɓi tsohon ƙwaina na sa a aljihu. Kwalin ma da ya miƙo mini ban karɓa ba. Rubutun jikinsa ƙanana ne, kuma ni karatuna bai yi nisan da zan tsaya a titi ina haɗa baƙi a gaban yaro ba.

Gaskiya ƙwan ya yi. Fari tas, har ɓerayen kwata nake gani suna rufe ido. Masu tahowa suna zagina, ni kuwa daɗi nake ji. Na riƙa zuwa ƙofar shago da yamma ina kunna shi ba dalili, don samarin nan su gani.

Sai bikin 'yar Alhaji ya zo. Kun san yadda muke yi a Treichville: a tare layi gaba da baya, a kafa rumfar tamfol, a jera kujerun haya, mata su yi wuni har bayan isha. To ɗinkin da Hajiya za ta sa da daddare, farar shadda da aka yi wa aiki tun daga wuya har ƙasa, tela bai gama ba. Telan yana Adjamé. Na ji Alhaji yana shirin tura ɗaya daga cikin samarin, na tsaya a gabansa.

"Ni zan je."

"Duhu zai same ka a hanya."

"Shi nake so ya same ni."

Hajiya ta leƙo ta ce, "Don Allah a bi mini kaya a hankali." Na ce ta sa a ranta kamar ta riga ta sa.

Na yi magariba a ƙofar telan, na ɗaure jakar kayan a baya, na kama hanya. Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba a ranar. Inshorar babur ɗina ta ƙare tun kafin azumi. Hular kwano kuma na bar ta a gida, don ba a sa ta a kan babbar riga da hular biki. Wato ni da 'yan sanda a wannan yammacin ba mu da abin da za mu ce wa juna.

Ina fita daga Adjamé na daki wani rami. Fitila ta ɗauke ta dawo. Ban kawo komai a raina ba. Sai na ga bayan gbakar da take gabana, ƙaramar bas ɗin haya, yana walƙiya: shuɗi, ja, shuɗi, ja. Kwandastan da yake lilo a ƙofa ya shige ciki ya ja ƙofa. Direba ya ratse gefe.

Na ce shi ke nan, 'yan sanda suna bayana.

Ba madubi. Waiwaye kuwa, duk wanda ya waiwaya ya amsa laifi, wannan kowa ya sani. Jiniya ban ji ba, sai na ce ai masu shirun nan su ne mugaye. Na rage gudu don su wuce. Ba su wuce ba, hasken yana nan a jikin bango. Na karya kwana na shiga wani layi. Suka karya. Na fito babban titi. Suka fito. A nan na tabbata ba sintiri ba ne, ni aka aiko a kama. Na fara lissafin wanda ya kai ƙarata. Samarin shago? Telan, da ya riƙa jan aiki har duhu ya yi? Matar tumatir? Har limamin layinmu sai da na sa a ciki, don ranar Juma'a ya daɗe yana kallon lambar babur ɗina.

A kan gadar da ake hayewa zuwa Treichville abin ya ƙazanta. Motoci suna darewa hagu da dama. Ni da kullum sai na roƙi masu tasin woro-woro su ba ni taku ɗaya, yau hanya ta buɗe mini fetal. Na ce lallai babba ne a bayana, tunda har ana share masa hanya. Na murɗa mai iya murɗawa. Babbar riga ta cika da iska, hula ta tafi cikin ruwan lagun, ban ko yi mata sallama ba.

Dabarata ita ce in isa wurin biki in nutse cikin jama'a. Wa zai tsamo mutum ɗaya daga cikin taron nan?

Na shigo layin a guje, haske yana dukan tamfol, shuɗi da ja.

Jama'a, a ranar na gane ba ni kaɗai nake da abin ɓoyewa a garin nan ba. Mai kujerun haya ya hau naɗe kayansa da mutane a kai. Mai kiɗa ya fizge wayar lantarkin da ya jawo daga inda bai kamata ba, fitilun rumfa suka mutu gaba ɗaya. Zabiyar da take tsakiyar wasa Hajiya ta tsaya a rabin suna, ta tura abin magana cikin zane. Mai gasa nama ya ɗauki tire ya bi lungu. Ni kuma na yar da babur a bakin rumfa, na ruga cikin gida ina ihu, "Ga su nan! Suna bayana!" Wanda bai tashi ba a da, da ya ji haka ya tashi.

Ban tsaya ba sai bayan tukwanen girki, tsakanin buhun gawayi da randa. Wata tsohuwa mai tuƙa tuwo ta dube ni ta ce, "Bawan Allah, nan wurin mata ne." Na ce, "Iya, rufa mini asiri."

Abin da ya faru a waje daga baya aka ba ni labari, kuma an ba ni shi fiye da yadda nake buƙata. Ashe Alhaji bai karɓo takardar izinin tare layi ba. Ya fito hannu biyu a sama, ya tattaro duk Faransancin da ya sani na roƙon ɗan sanda, yana cewa, "Shef, pardon, shef, bikin yarinya ne." Yana magana da titi. Babu mota, babu ɗan sanda, babu kowa. Sai babur ɗina kwance a gefe, taya tana juyi, fitila tana ƙifta wa tamfol ido, shuɗi da ja.

Sai muryar wata mata daga bayan kujeru: "Wannan ba moton mijin Hadiza ba ne?"

Sule yana wurin bikin. Ya taso a hankali, hannu ɗaya a aljihu, ya ɗaga babur ɗin, ya kashe makunni ya kunna, ya sake kashewa ya kunna. Haske ya koma fari. Ya ce, a gaban kowa, "Ampul ɗin ne. In aka kashe aka kunna da sauri, yana canza launi."

Tsohuwar nan ce ta nuna inda nake. Na fito da gawayi a gwiwa, kai ba hula. Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Zabiya ta zaro abin maganarta tana nema ta sa mini waƙa, sai da aka riƙe ta. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Hajiya. Jakar kayanta ta tsinke ta faɗa kwata lokacin da na yar da babur. Ta ɗago farar shaddar da yatsa biyu, ruwan kwatar Treichville yana ɗiga, ta dube ni ta ce, "Ka ce in sa a raina kamar na riga na sa. To ga shi, na sa."

Alhaji bai yi mini faɗa ba. Da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Washegari ya ce, "Mutumina, fitilar ta yi haske, na gani. Bencin yana nan."

Yanzu a kansa nake. Masu turin kaya in za su wuce sai su ƙame su sara mini, "Shef!" Hadiza, matar da na aura da sadakina, in ta ga ƙyallin wani abu a bango sai ta ce in ɓuya. Abin da na koya bai da yawa: in ka ga ana bin ka, ka waiwaya tukuna. Na kuma mayar da madubi guda ɗaya.

Da na huce kaɗan, na tura babur har rumfar Sule. Yana ganina ya fara haɗiye dariya.

"Bo, ai na ce a canza makunni."

"Ka ce makunni. Ka ce polis? Kalmar ta fito daga bakinka?"

"Da na faɗa, cewa za ka yi dabara ce in sayar maka da wani abu."

Ya yi gaskiya, haka zan ce. Amma ban zo don in ba shi gaskiya ba. Na matsa kusa da shi har ya daina murmushi, na ce:

"Sule, duk Adjamé an san ba na yarda da kowa. Kai ka fi kowa sani, yayarka nake aure. Mutum irina in ka ga zai faɗa rami, ba murmushi ake yi masa a ce ya foyi ba. Riƙe masa riga ake yi, a yi masa ihu, ya zage ka, ka ƙara yi masa ihu. Kai kuwa ka zaɓi ka zauna a kujerar haya ka jira ka ga yadda za ta ƙare. Na yafe wa ramin, na yafe wa ƙwan, kai ban yafe maka ba. Yanzu ɗauko makunnin ka canza. Ina tsaye a kanka, kuma tsohon ka ba ni abina."