Hotunan Makkan Surukata

A majalisarmu ta Kiru ni ne mai ba da fatawa kan waya. Na sha faɗa cewa ajiye hotuna a intanet asarar data ce, kuma duk wayar da ta yi nauyi maganinta ɗaya, a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Ranar da muka je gaida surukata Hajiya a Yako, ina durƙushe a bakin ƙofa, ta miƙa wa matata Hadiza wayarta. "Ba shi ya duba, ta cika tsayawa."

Ban tambayi kowa komai ba, na danna wurin goge komai. Wayar ta ce ko na tabbata, har na ji haushin rainin. Ta mutu, ta farfaɗo tas tana yi mini barka da zuwa.

"To, a buɗo mini hotunan Makka," in ji Hajiya. "Baƙi na tafe."

Hadiza ta raɗa mini, "Ai suna intanet ko?" Ni kuwa na kashe mata ajiyar intanet ɗin tun bara, da hannuna, har da dogon bayani.

Kunya ta hana Hajiya yi mini faɗa. Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta dubi bango ta ce, "Allah ya yi albarka." Da marina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ko biki na shiga a Yako, ƙannen Hadiza sai su soke wayoyi a aljihu suna cewa, "Ga Mai Gogewa nan." Hajiya kuwa, duk baƙon da ya nemi ganin Makka, ni take nuna masa.