Yadda Na Saukar da Yayata a Gida Biyu

Ba zan taɓa mantawa da tashar motar Birnin Kebbi ba, da ranar da na tsaya a tsakiyarta riƙe da takalmin yaro ƙafa ɗaya, ina ƙoƙarin bayyana wa dattijai biyu bambancin da ke tsakanin tambaya da alkawari. Har yau ina ganin bambancin yana nan. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, ni kaɗai nake ganinsa.

Ban daɗe da kammala digirina a fannin ƙididdiga ba, ina zaune a gida a Bagudo ina jiran a kira mu bautar ƙasa. (Na ce ina zaune, amma ina ɗan koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi da safe, ba na so a kama ni da ƙarya a kan abin da bai kai ya kawo ba.) Yayata, wadda muke kira Yaya Hauwa, tana aure a Lolo. Mijinta ɗan kasuwa ne, rabin rayuwarsa a tsallaken iyaka yake yin ta. Ya yi wa yaransa alkawarin zai kai su birni idan an yi dogon hutu, hutun ya zo, shi kuma kaya suka riƙe shi a can Benin. Sai ya kira ni ya ce ya turo ɗan abin da ya samu, ba shi da yawa, in tsara tafiyar in kuma raka su, tunda ni ne mai boko a dangi.

Yaran uku ne: Sadiya 'yar firamare, Habu mai bi mata, sai Ummi da har lokacin ake goyo. Burinsu bai wuce su hau lilo, su sha askirim, su hango jirgin sama ko daga bayan shinge ba. Ni kuwa na ɗauki lamarin kamar aikin kammala karatu. Na kauce wa ranar kasuwar Lolo saboda motoci kan cika kuma direbobi kan ƙara kuɗi. Na sa Yaya ta yi dambu da soyayyen kifi don kada mu sayi komai a hanya. Na tsara wane yaro zai zauna a cinyar wa. Abin da ya rage shi ne masauki, wanda shi ne kan cinye guzurin matafiyi. Otal ba ya cikin lissafi. Saboda haka sai gidan dangi.

Gida biyu muke da su a birnin. Akwai na Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta riƙe Yaya Hauwa tun tana ƙarama har zuwa aurenta. Akwai kuma na Alhaji Manu, babban yayan mijin Yaya, ma'aikacin gwamnati ne mai mota da gida mai katanga. Kowane mutum mai hankali zai zaɓi ɗaya ya yi shiru, ya sauka, washegari ya je ya gaida ɗayan, a rabu lafiya. Ni kuwa shekara da shekaru ana koya mini cewa ba a yanke hukunci sai an tattara bayani daga kowane ɓangare.

Na fara kiran Gwaggo. Bayan gaisuwa, na tsara maganata da kyau, na ce idan da a ce za mu zo ranar Laraba da la'asar, shin ɗakin baƙi yana nan babu kowa? Na jaddada kalmar "idan". Na tambayi gidan sauro, na tambayi wutar lantarki, na tambaya ko an rufe bakin rijiyar nan ta tsakar gida, tunda Habu yaro ne mai leƙe-leƙe. Gwaggo ta amsa mini duka da haƙuri, ta rufe da cewa Allah ya kawo mu lafiya. Na kira Alhaji Manu na yi masa tambayoyin nan daidai, ban ƙara ba ban rage ba, don a yi adalci. Shi ma ya ce Allah ya kawo mu lafiya. Na ɗauki wannan addu'a a matsayin irin maganar da ake rufe waya da ita.

Da na auna, gidan Alhaji ya rinjaya. Ya fi kusa da wurin wasan yara, ana iya zuwa a ƙafa, ba sai an hau keke ba, kuma babu rijiya. Na yi tunanin in kira Gwaggo in sanar da ita, sai na tambayi kaina, me zan ce na fasa? Ba a fasa abin da ba a ƙulla ba. Idan na ce mun fasa zuwa gidanta, na nuna ke nan da can na ce za mu zo, wanda kuwa ba gaskiya ba ne. Na kwana biyu ina juya wannan a raina (wataƙila uku ne, ba ni da tabbaci), daga ƙarshe na bar shi a haka. Yaya ta tambaye ni inda za mu sauka, na ce mata kada ta damu, an tanada. Ta kalle ni irin kallon da take yi mini tun ina yaro.

Tafiyar ta yi kyau gwargwado, in ban da Habu da ya yi amai a kan wandona kafin mu kai Jega, ya kuma yi barci ya bar ni da takalminsa ƙafa ɗaya a hannu. Muna shiga tasha na hango Alhaji Manu tsaye a jikin motarsa, raina ya yi fari, na ce lallai tsari ya yi aiki. Ban gama jin daɗin ba sai na ga wata dattijuwa da babban mayafi tana ɗaga wa motarmu hannu, a bayanta ga mai keke da ta ɗauko shata yana jira. Gwaggo ce.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne wataƙila wani baƙo dabam ta zo tara. Na riƙe wannan zato da ƙarfi har ta ƙaraso ta zare Ummi daga bayan Yaya ta goya ta a nata. A daidai lokacin Alhaji yana sa a loda jakunkunanmu a but ɗin motarsa. Suka gaisa da juna gaisuwa mai tsawo irin ta surukai, ya gida, ya iyali, ya ruwa, kowa yana gode wa ɗan'uwansa da ya bar aikinsa ya zo tarar baƙin da ba gidansa za su sauka ba. Alhaji ya ce ai da Gwaggo ba ta wahalar da kanta ba, gobe zai kawo mata su da kansa. Gwaggo ta yi dariya ta ce shi ne da wahala, amma tunda ya zo da mota, sai ya taimaka ya kai kayan ƙofar gidanta.

Sadiya tana riƙe da ƙofar motar Baffanta, Habu ya riga ya haye keke yana danna oda. Gwaggo ta ce ta yanka kaji, ta dama fura, ta kuma gaya wa duk matan layinsu cewa ɗiyarta na zuwa da jikoki. Alhaji ya ce maiɗakinsa tun safe take kicin, an fitar da samarin gidan daga ɗakinsu an shimfiɗa sabon zanin gado. Daga nan duk su biyun suka juya ga Yaya Hauwa.

A nan ne na fara fahimtar girman abin. Idan ta bi Gwaggo, dangin miji za su ce ta shigo gari da 'ya'yansu ta wuce gidansu bayan an yi musu alkawari, maganar kuma za ta riga mu isa Lolo. Idan ta bi Alhaji, ta kunyata matar da ta raine ta a gaban unguwa guda. Kuma kowannensu ya ɗauka ita ce ta sa ni in kira. Gwaggo ta dube ta, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Hauwa, haka anka koya miki a gidana? Ki sa a yi miki girki gida biyu?"

Idon Yaya ya kawo ruwa. Na ga ba makawa sai na yi magana. Da na tsaya a kan cewa laifina ne, ita ba ta san komai ba, da an gama da mutunci. Amma ni ban iya barin bayani rabi da rabi ba. Na gyara tsayuwa na ce, tare da girmamawa, Yaya ba ta da masaniya, ni ne na kira, sai dai ina so a lura cewa ban yi wa kowa alkawari ba, tambaya na yi, kuma a duka wayoyin biyu na fara da "idan".

Alhaji Manu ya tambaye ni, to tambayar ta mece ce? Na ce don in gwada gidajen biyu in ga wanda ya fi dacewa. Ina jin bakina yana ci gaba, ni kuma kamar ina gefe ina saurarensa. Na ce gidan Gwaggo yana da nisa, ga sauro, ga rijiya a buɗe. Na ce gidan Alhaji ya fi araha, domin ba sai mun hau keke ba. Wani kwandasta da ke ɗaure kaya a kusa ya dakata da igiya a hannu don ya ji ƙarshen zancen.

Gwaggo ta gyara goyonta ta ce, "Wato gidan nawa jarrabawa ya zauna, ban sani ba, har ya faɗi."

Alhaji ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar. "Ki gode wa Allah, Gwaggo. Ke faɗuwa kika yi. Ni nawa ya ci ne don shi ne mai araha."

Ban san wanda ya fara dariya ba. Na san dai mai keken ya kifa kansa a kan sitiyari, Gwaggo tana share hawaye da bakin mayafi, tana nuna ni tana cewa wanga yaro shi anka kashe wa kuɗin boko. Ni kuwa na tsaya ina neman inda maganata ta kauce wa gaskiya, ban samu ba, abin ya ƙara ruɗa ni. Na dubi Yaya don ta taimake ni, ta ɗauke kai. Amma na lura kafaɗunta sun sauka, domin babu wanda ke kallonta kuma.

Su biyun suka yanke hukunci a tsaye ba tare da sun nemi ra'ayin mai tsara tafiya ba. Gwaggo ta ce mace da 'ya'yanta gidan mijinta ne masaukinsu, ita ba za ta zama sanadin magana ba, ta kwance Ummi ta miƙa wa Yaya. Alhaji ya ce to kullum da hantsi zai kawo su su yini wurinta. Sai dai akwai kaji da aka riga aka yanka, da maƙwabta da aka riga aka gaya wa. Dole wani baƙo ya sauka a gidan a ranar. Haka na shiga keke ni kaɗai kusa da Gwaggo, da wandon da Habu ya yi wa amai, motar Alhaji tana wucewa yara suna ɗaga mini hannu.

Matan layin sun zo tarar uwa da jikoki uku, suka tarar da ƙato guda zaune a kan tabarma gaban kwanonin abinci na mutum biyar. Duk wadda ta shigo, Gwaggo sai ta sa in maimaita mata bayanin da na yi a tasha, wai ita ba ta iya faɗarsa daidai ba. Na maimaita, domin na kasa jure jin ana canja mini kalmomi. Sauran kwanakin sun tafi a zirga-zirga tsakanin gidajen biyu, kowane gida yana ƙoƙarin ya fi ɗayan ciyar da yaran, har Sadiya ta fara ɓoye nama a aljihu don ta gaji da ci. A ƙarshe Alhaji ne ya ɗauke su yawon gari a motarsa, Gwaggo a kujerar gaba, aka ce babu wuri, in zauna in yi gadin gida.

Darasin da na ɗauka shi ne, a wurinmu duk wanda ka tambaya ko akwai wuri a gidansa, ka riga ka shimfiɗa tabarmarka a ciki, kuma kalmar "idan" ba ta kaiwa ɗaya gefen waya. Yaya Hauwa ta yafe mini, ko da yake yanzu ita ke tsara tafiyarta. Gwaggo ma ta yafe. Sai dai duk ranar Juma'ar da na kira in gaishe ta, kafin ta amsa sallama takan tambaye ni, gaisuwa ce ko bincike, don ta san ko za ta sa a kama kaza.