Filin Lai'atu a Sama

"Gajiya ta bi lafiya, amarya. Wa ya koro ki daga Fadan Kagoma da tsakar rana haka? Ko kewar angonki ce ta hana ki zama?"

"Ango? Kai da ko akuya ba ta amsa gaisuwarka? Matsa min in zauna."

Lai'atu ta sauke ƙullin kayanta a barandar jikanta Meshak, a bayan tashar jirgin Kafanchan. Ƙarshen damina ne na 1976, gajimare sun yi fari sun yi nisa kamar an wanke su an shanya. Tun ranar Lahadi ba ta da sukuni. A bakin coci wata mata ta faɗa mata cewa za a ɗauki Meshak daga ofishin waya zuwa Legas, zai taya manya shirya takardun da za a kai taron ƙasashe a Turai, inda za a raba sama. Sama fa! Inda mijinta Kumai ya shekara tara yana jiran ta. Ko karyawa ba ta yi ba ta hau motar citta.

"Na ji kun cinye ƙasa kun koma sama," in ji ta.

"Ƙwarai. Ni ne ma mai riƙe igiyar awo. Ki yi min ladabi in duba miki lungu."

"Kai da ka kasa raba dafaffiyar gwaza da ƙanwarka ba kuka? Da me za ku yi iyaka a can? Kerana za ku dasa?"

"Da lamba, Kaka. Taurarin ƙarfe ake harbawa, masu ɗaukar magana daga wata ƙasa su sauke a wata. Kowace ƙasa za a ba ta wurin da nata zai tsaya, da zangon da zai yi magana a kai, kamar yadda kike murɗa rediyo ki sami Kaduna nan, Legas can. In ba a raba ba, muryoyi su cakuɗe kamar zumuntar mata ana gardamar anko. Ko kamfani ne, sai da lasin."

"Bar zumuntar mata, ta fi ofis ɗinku tsari. Waɗanda suka riga suka harba nasu fa, wa ya ba su?"

"Su suka ba kansu."

"Ka ji ɓarayi!" Ta tafa hannu. Haka dai ake yi wa mutane: a zauna a wata ƙasa mai sanyi, a yanka abu gunduwa-gunduwa, ba a tambayi ko tsohuwa ɗaya daga Kagoma ba.

Ta kwance bakin zaninta, ta fito da wani kati da ya yi laushi don tsufa, ta ɗora masa a gwiwa.

"Katin baftismata. Ga sunana, ga hannun Fasto. Ka kai musu. Ka ce wurin da ke gefen Kumai da mai shi, kada wani ya kafa min ƙarfe a ciki."

Meshak ya ƙyalƙyale har ya riƙe ciki. "Wato ni ina nan da raina, kina neman fili kusa da tsohon miji? An hana! Ba lasin! Kuma addu'ar nan da kike yi da safe, a wane zango take tafiya? Tun yaushe nake jin wata tasha tana shiga mana layi da yarenmu na Gwong, ashe ke ce. Gobe zan turo a kwashe ki."

"A turo. Addu'ata tana hawa tun ubanka yana tsirara, ba ta taɓa karo da ta kowa ba."

Bakinta ya faɗa da ƙarfi, amma idonta na kan gajimaren. Kullum da safe, in ta gama da Ubangiji, takan ƙara wa Kumai 'yan labarai: citta ta yi kyau, rufin rumbu yana yoyo, wance ta haihu. Yanzu sai take ganin maganganun nan suna tashi a hankali kamar hayaƙin murhu, suna bugun cikin wani ƙarfe suna dawowa, shi kuma tsohon yana zaune ya kasa kunne, yana cewa ko ta manta da shi ne.

Meshak ya dubi fuskarta. Ya daina dariya, ya mayar mata da katin cikin tafin hannu, ya naɗe yatsunta a kai.

"Kaka, inda ake rabon nan, an auna shi. Mil dubu ashirin da biyu da 'yan kai daga nan. Layi ɗaya ne siriri, ya zagaye ƙugun duniya kamar jigida."

"Ka ga jigidar wa, mara kunya?" Ta juya katin a hannunta. "Daga jigidar zuwa wurin kakanka, mil nawa?"

"Ba wanda ya auna. Igiyarmu ba ta kai ba."

"Ta Turawan fa?"

"Ita ma."

Lai'atu ta sauke numfashi mai tsawo. Ta sake duban sama, sai ta ga ta buɗe ta yi zurfi, hawa bisa hawa, ƙarafan kuwa 'yan mitsi-mitsi can ƙasa-ƙasa, jere kamar rumfunan masu sayar da lemo.

"Ashe bakin hanya kuke rabo! Duk wannan kwat da jirgin sama, a kan bakin hanya? Kai, maza ba ku da aikin yi."

"Bakin hanyar ma in ba mu je ba, sai mu tarar an cinye."

"To je ka. Ka tsaya da ƙafarka, kada ka je kana washe musu haƙoran nan naka kamar masarar da ɓera ya fara. Ka samo mana wuri mai kyau, saitin Kagoma, inda zan gane shi."

"Ki gane shi ki yi me?"

"Ba ta nan zan wuce ba? Zan bi su ɗaya-ɗaya kamar tashoshin jirgi, ina tambaya, wannan na wa, wancan na wa. In na iso namu sai in ɗan huta, in ƙwanƙwasa. Ranar da ka ji rediyonka ya yi ƙwas-ƙwas ba dalili, kada ka daki bayansa yadda ka saba. Ni ce."

Meshak ya sunkuyar da kai. Ya yi dariya yana murza ido da bayan hannu.

"Kin ci, amarya. Na ba ki hanya kyauta, ba lasin."

"Da ma wa ya tambaye ka?" Ta tura masa ƙullin da ƙafa. "Acca ce. Ka ci ka yi nauyi, kada iskar Legas ta kai ka can kafin ni."