Yadda Za Ka Gina wa Mahaifiyarka Gidan da Zai Yi Kyau a Hoto

Ɗan'uwa, ka yi sa'a da ka faɗo hannuna. Inna ta tsufa, gwiwoyinta sun fara gardama, kai kuma ka cika baki a gaban dangi cewa za ka yi gini ka dawo da ita kusa da kai. Madalla. Bi matakan nan kada ka tsallake ko ɗaya, na ba ka tabbacin masu motoci za su riƙa rage gudu a ƙofar gidanka. Na gwada da kaina.

Mataki na 1: Nemo gidan a waya

Kada ka tambayi Inna irin ɗakin da take so. Cewa za ta yi mai iska, kusa da banɗaki, da 'yar inuwar shimfiɗa tabarma. Wa ya taɓa ɗaukar hoton iska? Buɗe wayarka ka nemo wanda ake yayi bana: baƙin dutse a bango, gilashi tun daga ƙasa har sama, ba baranda, ba rumfa. In a ƙasar da ƙanƙara ke zuba aka gina shi, ya fi.

Mataki na 2: Koya wa magini aikinsa

Shekararsa talatin yana jera bulo, kai kuma ka yi mako biyu cur kana kallon bidiyo, ka ga ai ba sa'anka ba ne. Zai sosa ƙeya ya ce, "Maigida, baƙin dutsen nan yini yake yana shan rana, da yamma ya amayar da zafin cikin ɗaki. Da jan bulo aka sa, da ya fi sanyi."

Ka ce masa, "Malam, gida na ce ka gina mini, ba ajin firamare ba." In ya ƙara buɗe baki, kara masa wayar a hanci.

Mataki na 3: Sare bishiyar

Tsohon mangwaron da ka tarar a filin yana tare fuskar gida. Matarka za ta ce, "Baban yara, a nan fa Inna za ta riƙa hutawa da rana." Ka ce mata za a sa na'urar sanyi. Zancen ɗauke wuta kuwa kada ka bari a tayar, kai ba ka son mugun fata.

Mataki na 4: Ɗaga gidan, ka goge ƙasan

Gidan babban mutum hawa ake yi. Matakala bakwai na dutse a ƙofar shiga, kuma kada a kafa ƙarfen riƙewa, yana ɓata tsari. Ciki kuwa marmara, mai shegen sulɓin nan da mutum ke ganin haƙoransa a ciki, tun daga falo har banɗaki. Magini zai roƙe ka a sa tayil mai kaushi ko da a ɗakin tsohuwa ne kawai. Ka tuna masa cewa kaushi a ƙafa ake samunsa, ba a gidanka ba.

Mataki na 5: Kawo ta

Kai da ƙaninka za ku ciccibe ta ku haye matakalar nan kamar kun sayo firji. A bakin falo za ta dogara sandarta, sandar ta zame.

"Ɗan nan, ruwa aka zubar?"

"A'a Inna, marmara ce."

"To. Allah ya sa albarka."

Za ta bi bango da hannu har ɗakinta. Ka tabbata an ɗauki hoto kafin ta fara bin bangon.

Mataki na 6: Fassara shirunta yadda ya yi maka

Ba za ta yi ƙorafi ba, irinsu ba sa yi. Za ta yini a bakin gado tana fifita da kwali, ba ta fita don ba mai sauko da ita. Wannan shi ake kira hutu. Ran nan matarka za ta ja ka gefe ta ce, "Ka san Inna ta rage shan ruwa? Tsoron zuwa banɗaki take." Ka ce za ka duba, sannan ka fita ka nuna wa abokanka yadda dutsen ke ƙyalli da hantsi.

Mataki na 7: Riƙe mata jaka

A rana ta tara ƙaninka zai zo da mota. Gidansa bulo ne tsirara ko fenti babu, daɓen siminti, ƙofa daidai da ƙasa. Inna za ta ce kwana biyu kawai za ta yi a can. In ka ga ta haɗa har da rediyonta da matashinta, ka kau da kai. A mota za ta kama hannunka ta ce, "Gidanka ya yi kyau, ɗan nan, ban taɓa ganin irinsa ba. Ni ce ban dace da shi ba."

Shi ke nan, ka gama. Koma ciki ka zauna.

Sanarwa: Mai wannan rubutu ba shi da hannu a karayar ƙugu, ciwon ƙoda, ko kallon da matarka za ta riƙa yi maka. Kada a neme ni a gida, ba a samuna. Kullum da yamma ina tsakar gidan ƙanina, zaune a kan bulo kusa da tabarmar Inna. Wata takwas ke nan, ba ranar da ba ta tambaye ni lafiyar gidan ba. Ba ta taɓa cewa ga ranar da za ta dawo ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya.