Rasuwar Ƙoƙon Awon Iya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Larai 'yar Malam Cindo ta Sule Tankarkar take neman gafarar duk wanda takardar nan ta faɗo hannunsa. Ta san iyakarta allo, tawadar ma ta Malam ce ta ɗan tsiyaya. Dole ce ta sa ta: tana sanar da rasuwar Ƙoƙon Awon Iya, wanda ya cika jiya Talata da hantsi, bayan shekara wajen talatin a bakin murhu.

Marigayin ɗan Gagarawa ne, cikin kayan auren Iya ya shigo gidan nan. Mai gaskiya ne, ba ya ƙari, ba ya ragi. Cikinsa biyu na garin gero, a shafe da gefen hannu, shi ne kunun mutum tara, ba kauri, ba tsararo. A shekarar yunwa aka mai da shi ciki ɗaya, ya ci gaba da aikinsa. Da Kawu Sajo ya dawo daga kai gyaɗa Kano da sikeli irin na kanti, yana cewa zamanin ƙoƙo ya wuce, sai aka ɗora marigayin a kai don a kunyata shi. Aka cika shi da tsaba, ya yi nauyi. Aka cika shi da gari, nauyin ya ragu. Sikelin ne ya yi ta rawa, shi kuwa yana nan yadda yake. Larai kaɗai ta rubuta abin da sikelin ya nuna a bayan allonta, aka yi ta mata dariya.

Ba za a ƙara jin ƙwas-ƙwas ɗinsa a bakin tukunya ba.

Ya daɗe yana fama da tsaga, gyartai ya ɗinke shi sau biyu, amma ba ita ce ajalinsa ba. Ran Lahadi Iya ta ce da shi za a kai Murja, yayar Larai, ɗakinta a Maigatari bayan kaka. Murjar da aka riga aka ba zanen saƙi da tasoshi da yabon unguwa. Murjar da ba ta taɓa wanke shi ba, don ita da hannu take ɗiba kunu ya fito daidai, ko kallon tukunyar ba ta yi. Larai kuwa in babu shi, ko ta dama tuwo ko ta dama ruwa. Shi ya sa ta kai shi zaure ta kife shi ƙarƙashin akumarin jaki, don ya ɗan huta kawai, Allah ya sani. Kawu Sajo ya shigo ya sauke mangalar gyaɗa a kai. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce: ƙaras.

Ya bar Ludayi, da Muciya, da Rariya mai ido ɗaya a yage, da Iya wadda har yanzu take zazzage randuna tana nemansa. Ya bar Murja, wadda ko a jikinta.

Bai bar magaji ba. Amma da sikelin Kawu da abin da ke bayan allo, ana iya yanka sabon duma daidai cikinsa. In Iya ta tambaya, Larai za ta faɗa. In Murja ce, sai ta zo da ƙafarta, ta zauna, ta ce don Allah.

Za a yi jana'iza yau bayan azahar, a bayan rumbu, gutsure huɗu cikin tsumma. Ba a buƙatar rakiya. Mai son yin ta'aziyya ya yi wa Iya, amma ya bari sai ta huce. Mai sanarwar za ta sa takardar nan cikin faifai, ta ɗauki tulu ta bi ta ƙofar baya. Rijiyar da nisa, kada a jira ta.