Usur a Motar Kurame

Girma ya zo, abubuwa da yawa sun fara zame mini, amma tafiyarmu Garwa kam ba zan manta da ita ba ko da na so, don mutanen gidanmu ba za su bar ni ba. Lokacin muna Jihar Arewa maso Gabas, ni kuwa saurayi ne mai teburin yadi a kasuwar Jimeta, ga murya ga surutu. In na ƙwala wa mai ciniki kira, har mutanen wani layin sai sun waiwayo.

Yayana, Hamma Sali, kurma ne tun haihuwa. Tela ne a unguwar Limawa, mutum mai sanyin hali, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Ya ga wata yarinya, Astajam, ita ma kurma, da ta zo daga Garwa ta ƙasar Kamaru wurin goggonta a unguwar Wuro Hausa, suka daidaita. Mahaifinta, Modibbo Haman, bai ƙi ba, amma ya kafa sharaɗi. Ya aiko cewa ba zai ɗaura aure ba sai ya ga ɗan'uwan ango mai ji da idonsa, wanda zai zama kunnen gidan in wuta ta kama ko jariri ya yi kuka. Wannan kunnen kuwa ni ne. Auren Hamma gaba ɗaya ya rataya a kan in bayyana gaban Modibbo a matsayin mutum mai hankali. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

Kuramen Jimeta suna da zumunci mai ƙarfi. Kowace Juma'a da yamma suna taruwa a rumfar Baba Kyari, wani dattijo mutumin Barno mai wankin hula, shi ne babbansu. Da suka ga zancen auren ya kankama, suka ce ba mai barin Sali ya tsallaka ƙasar waje shi kaɗai. Aka yi shatar motar wani direba, Buba, aka naɗa ni jagora, tunda na taɓa zuwa Garwa saro yadi, ina jin Fulatanci, ina kuma da Faransancin da bai wuce gaisuwa ba. Kai, kaina ya kumbura! Na ɗinka sabuwar riga, sannan na tsaya ina tunanin yadda zan riƙa tara jama'ata in sun watse a hanya. Da na tuna yadda malamin motsa jiki yake tara 'yan makaranta, sai na shiga kanti na sayi usur, na rataya a wuya da jar igiya. Wallahi har na biya na fito, ban ga wata matsala ba.

Ranar tafiya, kafin kowa ya hau mota, Baba Kyari ya jera su bibbiyu. Ashe haka suke yi in za su yi nisa: kowa yana da abokin ido. Ba ka cin abinci, ba ka zagayawa, sai abokinka ya san inda ka nufa. In za a tashi, Baba Kyari ya ɗaga jan ƙyalle, kowa ya kama hannun abokinsa ya ɗaga sama, sai dattijon ya buga rufin mota, direba ya ja. Baba Kyari ya nuna mini wani mai gyaran keke, ya haɗa yatsu biyu, wato ga nawa abokin. Na yi dariya, na bugi ƙirji, na nuna kunnena, na gaya masa da maganar hannu cewa ni ne mai tsaronsu, mai tsaro kuwa ba ya neman mai tsaro. Ya dube ni, ya dubi usur, ya ɗaga kafaɗa, ya haɗa mai keken da wasu.

Muka bi ta Fufore, muka wuce Gurin. Ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya. In zafi ya dame ni a gidan gaba wurin Buba, in koma baya. In bayan ya ishe ni, in ce ai mazaunin jagora gaba ne. A bakin iyaka na yi aikina yadda ya kamata, wannan kam ko maƙiyina zai shaida. Na yi magana da jami'ai, aka duba mu, aka buɗe mana hanya. Sai dai duk tsawon tafiyar su suna ta hira da hannu suna ƙyalƙyala dariya, ni kuwa maganar hannuna ta cikin gida ce, in suka yi sauri ba na kamawa. Bakina ya yi tsami don rashin magana.

Bayan mun shiga Kamaru aka tsaya a wani ƙauye a kan tudu don a yi salla a ci abinci. Da na idar sai na hangi wasu mutane a gindin tsamiya, bayan wata bukka, suna gardama a kan ko kifin Garwa ya fi na Jimeta daɗi. Ni da ba a gayyace ni ba na nannaɗe riga na zauna, na shiga kare mutuncin garinmu. Hankalina kwance, don na ce a raina ai in mota za ta tashi zan ji ƙarar inji, ko Buba ya danna oda.

Abin da ban lura da shi ba, batirin motar Buba ya yi sanyi, shi ya sa ya ajiye ta a kan gangara. Oda kuma ya daina dannawa tun daga Jimeta, don ba wanda zai danna wa. Baba Kyari ya ɗaga ƙyalle, kowa ya ɗaga hannun abokinsa, ba wanda ya rasa nasa. Na baya suka ɗauka ina gaba, Buba ya ɗauka ina baya. Aka cire dutsen da ya tare taya, mota ta gangara shiru, sai can ƙasan tudu injin ya yi tari ya kama.

Na zabura, na zubar da gardamar kifi, na fita da gudu. Ga mota can ta miƙa, an saki tamfol a baya. Na yi ihu da muryar nan tawa da kasuwar Jimeta ke alfahari da ita. Sannan, jama'a, na sa usur a baki. Na hura, na hura, ina gudu ina hurawa, har takalmina ya tsinke. Da numfashi ya ƙare na tsaya, sai wata tsohuwa mai tallan nono, wadda ta ga saukarmu tun farko, ta matso ta tambaye ni da Hausarta ta Fulani: "Yaro, motan nan ba na kurma ba ne? To wane kake hura masa?"

Na ɗauki takalmi a hannu na kama hanya a ƙasa, don mutanen gindin tsamiya sun ce sai an yi sa'a wata mota ke wucewa. Dariyar yaran ƙauyen ba ta dame ni ba kamar tunanin Hamma. Mutumin da ya ciyar da ni, bai taɓa roƙona komai ba sai wannan abu guda, ga shi na sayar da shi a kan gardamar kifi. Na yi kuka a hanyar nan, ba na ɓoyewa.

Rana ta karkata, ƙafata ta yi bororo, sai na hango mota tana zuwa daga wajen Garwa. Motar Buba ce. Murna ta kama ni, kuma (Allah Ya yafe mini) hannuna ya sake kai usur baki, na tsaya tsakiyar hanya ina hurawa. Mota ta tsaya. Wani dattijo fari, siriri, da rawani, ya sauko daga gidan gaba, ya dube ni tun daga ƙafata mara takalmi har zuwa usur ɗin da ke bakina. Ya juya wurin Buba ya ce, "Wannan ne kunnen?"

Buba ya ce, "Shi ne, Modibbo."

Daga baya Buba ya ba ni labari. Sun isa gidan amarya a Garwa, an shimfiɗa tabarmi, Modibbo ya tambayi ina mai jin yake. Aka leƙa gaba, aka leƙa baya. Hamma Sali ya ƙi zama, ya ƙi karɓar ko ruwa, ya nuna cewa ba za a ɗaura masa aure ƙaninsa yana daji ba, ko da za a fasa. Sauran duk suka koma mota ba wanda ya taɓa abinci. Modibbo ya ce shi ya san ƙauyukan hanyar, ya shiga gaba.

Hamma ya diro ya rungume ni, bai harare ni ba ko sau ɗaya, wannan kuwa ya fi mini duka ciwo. Baba Kyari ne bai ƙyale ni ba. Da muka isa, gaban dangin amarya duka, ya miƙe ya kwaikwayi yadda na bugi ƙirji na nuna kunne, sannan ya kumbura kumatu ya kama gudu a wuri ɗaya da takalmi a hannu. Ba a buƙaci tafinta ba. Har matan da ke cikin gida na ji dariyarsu ta bayan zana, ni kuwa ina zaune ina ƙirga zaren tabarma.

Da aka lafa, Modibbo ya share hawayen dariya da gefen rawani ya ce, "Na nemi mai kunne don in samu wanda zai kula da 'yata. Yau na ga mutane sun tsallake ƙasa guda ba su yar da kowa ba, sai wanda ya ƙi a riƙe shi. Shi ma ɗin sun ƙi cin abinci sai da suka tsinto shi. Na ba Sali." Ya juyo gare ni ya ƙara da cewa, "Kai kuma, su ci gaba da kula da kai."

Aka ɗaura aure washegari da safe. A hanyar dawowa ni na fara zuwa gaban Baba Kyari na haɗa yatsu biyu. Ya ba ni mai gyaran keken nan, wanda ya riƙe aikinsa da gaske har ban ɗaki sai da ya raka ni ya tsaya a ƙofa.

Kurame ba sa kiran mutum da sunan yanka, alama suke ba shi da hannu, kuma in ta kama ka ta kama ka ke nan. Tawa ita ce a kumbura kumatu a kai yatsu biyu baki. Hamma da matarsa Adda Astajam sun haifi 'ya'ya, dukansu suna ji ras, sun kuma san sunana sarai, amma in na yi sallama gidan, daga su har jikoki sai ka ga kumatu sun kumbura. Na daina jin haushi tun tuni. Abin da na koya dai, in za a yi tafiya ba na tambayar wa ke jagora, wanda zai lura in babu ni nake nema. Ko Girei, nan kusa da mu, zan je, sai na sami wani a mota na ce masa, "Malam, in ka ga ba ka gan ni ba, don Allah ka yi magana."